Wayar da na manta a aljihu: wata 14 ina jiran hukuncin jami'a

Tun da na gama makaranta, duk yaron unguwarmu da aka kama a jarrabawa wurina ake turo shi, saboda kowa ya san na taɓa faɗawa wannan rami. Wani ya zo da mahaifinsa, wani ya zo shi kaɗai bayan isha'i don kada a gan shi. Tambayarsu ɗaya ce: daga nan sai me? Ni a lokacina ban samu wanda ya ba ni amsa ba, da karo da bango na koyi hanyar. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ta kasance, daga zauren jarrabawa har ranar da aka mayar da ni aji. Ba zan ambaci jami'ar ba, ta gwamnatin tarayya ce a Arewa, kuma kowace jami'a da nata kundin dokoki, amma matakan kusan iri ɗaya ne.

A makon farko na Fabrairun 2022 ne, ina aji uku a sashen Labarin Ƙasa, muna jarrabawar zangon farko. Hunturu ya buso sosai, na ɗora rigar sanyi a kan kaftani. Al'adata ita ce in kashe waya tun a bakin zaure in jefa ta cikin jaka, in ajiye jakar a gaban allo tare da na sauran ɗalibai. Ran nan na kashe ta, sai wani abokina ya tare ni da tambaya a kan wani lissafin ma'aunin taswira, na zura wayar a aljihun gefe na kaftani da nufin in mun gama magana in mayar da ita jaka. Aka fara kiran shiga, aka duba katin jarrabawa da katin shaida, mai binciken ya shafa aljihun rigar sanyi kawai ya ce wuce. Bayan kamar minti arba'in rulata ta faɗi, na sunkuya in ɗauko, sai wayar ta sulluɓo ta bugi siminti. A zauren da ko tari ba a yi, ƙarar ta kai har layin baya. Wani matashin malami daga wani sashe ya riga ni kai hannu. Ya karɓe takardar amsata, ya ja layi a inda na tsaya, ya sa hannu ya rubuta lokaci, ya kira wata malama da ke tsaron ɗaya ɓangaren. Suka ba ni sabuwar takardar amsa suka ce in ci gaba, in na gama in tsaya. Na zauna da biro a hannu, amma wallahi ban san abin da na rubuta a sauran awa ɗaya da rabin nan ba.

Da aka tashi aka miƙo mini fom. Yana da gurbin suna, lambar shiga makaranta, sunan kwas, abin da aka same ka da shi, sai wani fili mai layi kamar goma inda ɗalibi zai yi bayani da hannunsa. A nan na tafka kuskuren da ya fi mantuwar wayar tsada. Jikina yana rawa, ina ganin kamar in na ƙasƙantar da kai za a yaga takardar a ce in tafi, sai na rubuta da Turanci cewa na yi kuskure, a yafe mini, ba zan ƙara ba. Layi biyu kacal. Ban rubuta cewa wayar a kashe take ba, ban rubuta cewa a aljihu take ba a hannu ba, ban rubuta yadda ta faɗo ba. A al'adarmu, idan babba ya kama ka da laifi ba ka tsayawa kare kai, haƙuri kake bayarwa. Amma wannan fom ba malamin da ke tsaye a kanka kake rubuta wa ba. Mutanen da ba su san ka ba, ba su ga abin da ya faru ba, su ne za su karanta shi bayan watanni, kuma a wurinsu "ba zan ƙara ba" na nufin "na aikata". Aka sa ɗalibai biyu da ke zaune kusa da ni suka sa hannu a matsayin shaidu, malaman biyu kowa ya rubuta nasa rahoton, babban mai kula da zauren ya haɗa duka ya tafi da su.

Washegari na je ofishin jami'in jarrabawa na tsangaya. A gabana aka saka wayar cikin ambulan, aka liƙe, aka ce in sa hannu a kan bakin liƙin, shi ma ya sa. Na roƙi a ba ni layina, ya ce ko murfin wayar ba zai cire ba, shaida ce. Layin nan shi ke haɗe da asusuna na banki da lambar ɗan ƙasa, don haka sai da na ɓata yini guda a ofishin kamfanin waya aka sabunta mini shi, abin da ake cewa walkam-bak. Jami'in ya gaya mini abu ɗaya da har yau nake gode masa: "Ka je ka rubuta sauran jarrabawarka. Ba a kore ka ba tukuna. Wanda ya daina shiga, shi ya kori kansa." Na san wani da ya tattara kayansa ya bar makaranta a daren da aka kama shi don kunya, daga baya hukuncinsa ya fito da sauƙi, amma ya riga ya tara faɗuwa biyar a kwasa-kwasan da bai zauna ba. Ni na daure na rubuta huɗun da suka rage, ina jin idanun mutane a ƙeyata.

Na ɗauka cikin mako biyu za a kira ni. Ranar 14 ga Fabrairu ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki. Da farko aka ce na gargaɗi ne na wata ɗaya, aka yi ta ƙara wa'adi har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mambobin kwamitin duk malamai ne, saboda haka fayil ɗina ya kwanta a durowa. Abokaina suna gida suna ƙorafin zaman banza, ni kuwa ban ma san ko ni ɗalibi ba ne. Wata biyu na ɓoye, sannan na gaya wa Yayana, shi ya kai ni gaban Baba. Baba ya saurara har na kai aya, ya ce, "Ka duba ko ba ka duba ba?" Na ce, "Wallahi Baba ban duba ba." Ya ce, "To ka je ka faɗa musu haka, kada ka ƙara kada ka rage." Kawuna kuwa, tsohon hedimasta ne, ya ƙara mini tsoro. Ya ce mu yaran yanzu a gata muke, a 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. Ya ce ko dokar da ke aiki yanzu, ta 1999, ta tanadi ɗaurin shekara uku ga baligi, huɗu ga malami ko mai tsaron jarrabawa da aka samu da hannu. Jami'o'i ba kasafai suke kai irin maganata kotu ba, a cikin gida suke gamawa, amma daren nan ban runtsa ba.

A cikin wannan zaman ne na yi abin kunya na biyu. Wani ɗan ajinmu ya haɗa ni da wani mutum da aka ce yana da hanya a ofishin da ake ajiye fayiloli, wai naira dubu saba'in za ta sa fayil ya yi ɓatan dabo. Na ranto dubu ashirin na ba shi kafin alƙalami. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Da na fahimci yadda tsarin yake sai na gane ko da gaske yake ba zai iya ba: rahoton yana wurin jami'in jarrabawa, kwafi yana wurin shugaban sashe, kwafi yana ofishin shugaban tsangaya, sunana kuma yana cikin jerin da aka riga aka aika wa magatakarda. Kuma da maganar ta fito, yunƙurin ba da cin hanci laifi ne mai zaman kansa wanda hukuncinsa kora ce. Dubu ashirin ɗin nan ita ce asara mafi arha da na yi.

Da aka koma makaranta aka liƙa sakamakon zangon farko. Gaban lambata babu maki ko ɗaya, har na kwasa-kwasan da babu ruwansu, sai wata alama da ke nuna akwai magana a kaina. Shugaban sashe ya ce haka ƙa'ida take, ana riƙe duka har a yanke hukunci, amma in ci gaba da shiga aji na zango na biyu. Shi ne kuma ya tambaye ni ko na karanta kundin dokokin ɗalibai. Ɗan littafin nan ne da aka raba mana ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da muka ɗaga hannu muka yi alkawarin bin dokokin jami'a muka sa hannu a rajista, hankalinmu yana kan ɗaukar hoto da riga da hula. Nawa ban san inda ya shiga ba. Na ari na wani na yi fotokwafin babin jarrabawa a kan naira ɗari biyu, na zauna ƙarƙashin darbejiya na karanta. Laifuffukan a jere suke, kowanne da hukuncinsa a gefe. Shiga da waya ko da ba a yi amfani da ita ba laifi ne daban, amfani da ita laifi ne daban. Ƙin cika fom laifi ne, lalata shaida laifi ne, ɗaga wa mai tsaro murya laifi ne, rubuta wa wani jarrabawa kora ce ga su biyun. Har wanda ya bari aka kwafi amsarsa, abin da mu muke kira taimakon ɗan'uwa, an sa shi a layi ɗaya da wanda ya kwafa. A zamaninmu an yi wata ɗaliba da ta haɗiye 'yar takardar da aka gan ta da ita. Da ta miƙa ta da dakatarwa za ta samu, haɗiyewar ce ta kore ta.

Takardar gayyata ba ta zo hannuna ba. A allon sanarwa na tsangaya aka liƙa jerin lambobi, wata 'yar ajinmu ce ta gani ta kira ni, saura kwana uku. Wanda bai bayyana ba, ana iya sauraron maganarsa ba ya nan. Tun daga lokacin kullum sai na leƙa allon nan da safe, na kuma saba da wani dattijon masinja na ofishin shugaban tsangaya, ina gaishe shi "Baba, ina kwana, an fito da wani abu?" Kafin ranar na je wurin wani abokina ɗan aji biyar a Shari'a. Ya nuna mini sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci, ya kuma ba ni labarin shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma saboda ba a yi musu sauraron adalci ba. Ya ce ma'anar wannan a wurina ita ce ina da damar a gaya mini tuhumar, in ga shaidar, in yi wa wanda ya kai ƙarata tambaya, in kawo nawa shaidun. Sai ya ja mini kunne: "Ka san haƙƙinka, amma kada ka shiga kana karanta wa furofesoshi doka. Ka roƙa cikin ladabi, za su ba ka."

Kwamitin tsangaya ya zauna a Disamba. An ce ƙarfe tara, mu goma sha ɗaya muna zaune a benci a baranda, ba mai kallon wani. Sai bayan azahar aka kira lambata. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, da sakatare yana rubutu. Shugaban ya karanta tuhumar, sannan ya ɗaga fom ɗina ya karanta layi biyun nan da ƙarfi, ya ce, "Mene ne abin da ba za ka ƙara ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shiga da waya. Tsoro ne ya hana ni rubuta sauran." Na ba da labarin tun daga rigar sanyi har rula. Aka nuna mini ambulan, na tabbatar sa hannuna ne kuma ba a buɗe ba, aka yage. Bayan wata goma batir ya mutu murus, sai da aka aro caja muka jira. Aka ce in buɗe ta da kaina. Gabana ya faɗi, domin na san abin da ke ciki: a zauren WhatsApp na ajinmu akwai duka takardun darasin kwas ɗin, kamar yadda suke a wayar kowane ɗalibi. Wani Dakta ya juyo mini da fuskar wayar ya ce, "Wannan fa?" Na ce nawa ne, da su na yi karatu har daren jarrabawa, ban musa ba. Da na ce ban san da su ba, da nan maganata ta ƙare, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Suka duba saƙon ƙarshe da ya shigo, ya nuna kafin lokacin fara jarrabawa. Aka shigo da malaman biyu ɗaya bayan ɗaya. Na nemi izinin tambaya, aka ba ni. Na ce, "Malama, da aka ɗauki wayar, a kunne take ko a kashe?" Ta ce a kashe, ta danna da kanta ta gani, kuma ta rubuta haka a rahotonta tun ranar. Abin da na kasa rubuta wa kaina, ita ta rubuta mini. Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka sa hannu ya zo ya ce bai ga na sa hannu a aljihu ba. Ɗayan ya ƙi zuwa, yana tsoron kada a shafa masa kashin kaji, ban kuma riƙe shi a rai ba.

Kwamitin tsangaya ba ya yanke hukunci, shawara yake aikawa sama, kuma ba za su gaya maka abin da suka rubuta ba. A ƙarshen Janairun 2023 aka kira ni gaban kwamitin majalisar malamai ta jami'a, wadda ake kira sanet. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta ɓace, sai da na ba mai POS la'ada mai zafi kafin in samu kuɗin mota na shaidana. Ashe ma ba a buƙace shi ba. Minti goma na yi a ciki. Na fara maimaita cewa ban duba ba, sai Furofesan da ke shugabanta ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, mun yarda ba ka duba ba. Ba a kan dubawa muka kira ka ba, a kan shiga da ita ne. Ka shiga da ita ko ba ka shiga ba?" Na ce na shiga. Ya ce shi ke nan. A lokacin na ji haushi, na ga kamar an mayar da mantuwa daidai da sata. Yanzu ra'ayina ya sauya. Malami biyu a kan ɗalibi ɗari biyu ba za su iya leƙa zuciyar kowa ba, kuma duk wanda aka kama da waya cewa zai yi mantuwa ce. Idan niyya za a bi, ba za a taɓa kama kowa ba. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne jinkirin: a riƙe rayuwar mutum fiye da shekara a kan maganar da zaman minti goma ya warware.

Sai wani jiran kuma. Gwamnati ta rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe, zaman majalisar ya ɗaga. A cikin azumi, watan Afrilu, Baba masinja ya hango ni ya ce, "Yaro, takardarka ta sauko." Na sa hannu a littafi na karɓi wasiƙar magatakarda. An soke jarrabawar kwas ɗin, an ba ni faɗuwa, an dakatar da ni zango ɗaya, an saki sauran sakamakona. Na yi hamdala don ba kora ba ce. Sai da na zauna da mai ba ajinmu shawara na gane cewa zango ɗaya a takarda shekara guda ce a zahiri, domin kwasa-kwasan zangon farko na aji huɗu sau ɗaya ake koyar da su a shekara, dole in jira su zagayo. Wasiƙar ta ba da wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwar jami'a, ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya da magatakarda. Na rubuta, na yi kwafi huɗu, kowane ofishi na sa aka buga mini hatimin karɓa a nawa kwafin. Amsar ta dawo a gajarce: babu sabuwar shaida, hukunci yana nan. Ɗaukaka ƙara tana da amfani ne ga wanda ba a saurara ba ko wanda ya samu wata hujja sabuwa. Roƙo kawai na aika, kuma roƙo ba hujja ba ne.

Na miƙa katin shaida a ofishin kula da harkokin ɗalibai, na kwashe kayana daga ɗakin kwana, aka gargaɗe ni kada a gan ni a harabar makaranta har wa'adin ya cika. Da wasiƙar ce kuma na karɓo wayata. Dawowa ma ba ta atomatik ba ce, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sai ka rubuta takardar neman a mayar da kai tun kafin a buɗe rajista, ka haɗa da kwafin wasiƙar dakatarwa, da takardar alkawari daga mahaifi ko mariƙi, da takardar rantsuwa daga babbar kotu, wadda ta ci mini naira dubu ɗaya da ɗari biyar har da mai buga rubutu. Bayan wasiƙar amincewa ta fito, kwana uku na yi ina sintiri a cibiyar kwamfuta kafin a buɗe mini shafina in cire lambar biyan kuɗi ta Remita in biya kuɗin rajista. Duk takardar da aka ba ni tun daga ranar farko tana cikin fayil ɗaya na roba, kuma sau biyu wannan fayil ya cece ni lokacin da aka ce ba a ga kwafin ofis ba.

Yaran da ke zuwa wurina, kafin komai ina tambayarsu me suka rubuta a fom. Idan ba a kai ga haka ba, ina ce musu su nemi minti biyar su nutsu, su rubuta abin da ya faru daki-daki da lokaci da wuri, su bar ban haƙuri sai a baki. Wanda ya yi satar da gaske kuwa ba na koya masa dabara, ina ce masa ya faɗi gaskiya tun a zaman farko, domin mutanen nan sun ji kowace irin ƙarya kafin tasa. Kuma ya gaya wa iyayensa da wuri, kada su ji a bakin maƙwabta. Yajin aiki da dakatarwa suka haɗu suka kai ni shekara 29 kafin in gama. Da na haura 30, da takardar yafe hidimar ƙasa za a ba ni maimakon kakin NYSC.

Ranar da na sake zaunawa jarrabawar kwas ɗin, na bar wayar a gida gaba ɗaya. Ina zuwa bakin zaure sai ga malamar nan tana duba kati. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, "Aljihu fa?" Na zaro na dama da na hagu da na gaba duka waje, babu komai sai biro biyu da rula. Ta miƙo mini katina ta ce, "Layi na uku, kusa da taga."